Babur ɗin da ba ya cika

Duk wanda ya ba ka labarin faɗuwar yayana a garinmu, ba daidai zai faɗa maka ba, ko da bai yi niyyar ƙarya ba. Wasu cewa suke gudu ne. Wasu su ce 'yan duwan ne, jami'an kwastan, suka biyo shi, ya firgita. Mafi yawa kuwa cewa suke haɗama ce, wai ya labta wa babur abin da jaki biyu ba za su ɗauka ba, don ya ci riba da yunwar mutane. Wannan ta ƙarshen ce ke sa in ji kamar in mari mutum. Yaya bai yi gudu ba ran nan, kuma babu wanda ya koro shi. Kayan da ke kan babur ɗin, in ka cire ɗan abin da za mu ci a gida, na masu wannan maganar ne. Abin da ya kayar da shi yana cikin ƙafafun gaban babur ɗin, kuma na san su sarai, don ni ce ke goge su.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Gangara, ba nisa da iyaka. Shekarar da nake magana, damina ta zo ta yi 'yan yayyafi ta wuce. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Ni kuma lokacin na gama kolej na dawo gida da takardata, wadda ba ta tsinana mini komai ba sai zagi. Baba ya tafi kudu neman abin da zai aiko mana. Bai aiko ba, labarinsa ma ya ɗauke. Gida ya rage ni da Inna da Yaya. Aka ci abin da ke rumbu, aka ci iri, aka koma dussa, aka koma 'ya'yan anza masu ɗaci da ganyen jiga. Ana cikin haka aka rufe iyaka daga can ɓangaren, motocin da ke shigo da garin rogo da masara suka daina zuwa. Abinci yana nan a kasuwannin ƙasar Katsina, tafiyar da ba ta kai wuni ba, amma sai ta daji, sai da babur.

Yaya ya hango abin tun da wuri. Tun shanun nomanmu biyu suna da nama a jiki ya kora su Maradi, ya dawo da babur. Ranar an yi masa dariya har da riƙe ciki. Ba irin baburan da aka saba gani ba ne. Dogo ne, siriri, sirdinsa ya kai mini ƙirji, tayoyinsa da ƙusoshin roba kamar haƙora. Wai na wani Nasara ne daga cikin masu tseren nan da ke ratsa hamada. Ya lalace masa, ya bar shi, aka gyara aka sayar. Mutane suka sa masa suna Raƙumi. Ba a yi wata nawa ba shanun masu dariyar suka fara faɗuwa a bayan gari, ungulu ma ta ƙoshi ta daina sauka, Raƙumi kuwa yana shiga yana fita.

Akwai wani dattijon bakanike mai rumfa kusa da tashar Gazawa. Shi ya fara buɗe ƙafafun gaban, wato dogayen bututun ƙarfen nan biyu da ke riƙe da tayar gaba. Ina wurin, don Yaya ya ɗauko ni in kai wa wata 'yar'uwar Inna saƙo. Dattijon ya leƙa ciki, ya zura waya, ya zaro, ya sake leƙawa.

"Ɗan nan, ƙafar babur ɗinka babu ƙashi a ciki."

"Kamar yaya, Baba?"

"Duk babur ɗin da ka sani, sifirin ne a nan, murɗaɗɗen ƙarfe. Shi ke shanye rami, shi ke ɗaukar nauyi. Naka iska ce kawai da ɗan mai. Ka ga wannan ɗan bakin a sama, irin na tayar keke? Nan ake hura ta. Ga kuma 'yar tiyo ta haɗa ƙafafun biyu, cikinsu ɗaya ke nan. Don mutum ɗaya aka yi shi, marar kaya, ya yi ta tsalle a kan tudu yana jin daɗinsa."

Yaya ya yi dariya. "To ba shi ke nan ba, Baba? Iska ai kyauta ce."

"Kyauta ce. Abin da ke tsare ta a ciki ne ba kyauta ba. Zoben roba ne, bai kai kaurin ɗan yatsan ƙanwar nan taka ba, kuma daga nan har Maradi babu mai sayar da irinsa. Sifirin in zai mutu, sai ya yi ta kuka, ya yi ta laushi, ka gani da idonka. Wannan ranar da zai tafi ba zai yi maka sallama ba."

Yaya bai ji ƙarshen maganar ba. Abin da ya ji shi ne ana iya hurawa. Ya sayi famfon keke a nan tashar, ya ɗaure shi a jikin babur da igiyar roba.

Dole in yi bayanin yadda ake lodi, in ba haka ba ba za a gane ba. Bayan babur buhu ɗaya yake ɗauka. In aka ƙara, kan babur ɗin sai ya yi sama a cikin rairayi, ya ƙi jin linzami. Saboda haka duk ƙarin da za a yi gaba yake zuwa, kan tanki, da kan wani ƙarfe da maƙeri ya haɗa wa Yaya a saman fitila. Sauran masu babur na yankinmu, masu ƙananan nan na sifirin, in sun ɗora buhu da 'yan ƙulli, sai gaban ya zauna, murfin taya ya fara gugar taya. Kowa ya gani, ko makaho ya ji ƙarar. Mai babur ba sai ya ce komai ba, ya nuna da hannu kawai, a ce Allah ya kai mu wata kasuwar. Shi kuwa Yaya, in gaban ya zauna, sai ya kwance famfo ya hura, Raƙumi ya miƙe kamar ba a ɗora masa komai ba. Mutane suka gani. Daga nan aka san cewa babur ɗin gidanmu ba ya cika.

A garinmu ba a ƙin sautu. In za ka kasuwa, babba ya ba ka abu ya ce ka sayo masa, ba ka da bakin cewa a'a, ko da a kai za ka ɗauko. Da can sautu gishiri ne, ko goro, ko allura. A shekarar nan sautu ya zama rai. Ranar kasuwa tun da hantsi bai yi ba ƙofar gidanmu ke cika. Wannan ta zo da tasar aurenta, wannan da fatar akuya, wannan da tabarmar kaba, wannan da kazar da ta rage mata, kowa da ƙyallen da za a ƙullo masa nasa a ciki.

"Ɗana, ko tiya ɗaya."

"Ɗan'uwa, nawa ba nauyi, ɗan kaɗan ne."

Kowa nasa ɗan kaɗan ne. Yaya sai ya sunkuyar da kai ya ce to. Ban taɓa jin ya ce wani abu ban da to ba. Ba ya karɓar lada sai abin da zai zuba mai. In ya dawo da la'asar, ba ka ganin mutum, sai tulin ƙulle-ƙulle masu launi-launi da kai a tsakiya, hannuwa biyu sun zagayo ta gefe suna neman kan babur.

Aikina shi ne in goge babur ɗin in ya sauke, don ruwa bai isa a wanke ba. A nan na fara ganin abin. A jikin bututun hagu akwai wani siririn zobe baƙi, mai ne ya tsattso, rairayi ya manne. Na goge. Wata kasuwar ya dawo, ya fi na farko faɗi.

Na ce, "Yaya, ƙafar nan tana zubar da mai."

"Zufa ce, madamozel. Ke ba kya zufa?"

Haka yake kirana in yana so ya ba ni haushi. Na ce masa a kolej malaminmu ya taɓa ɗaura balan-balan a bakin kwalba ya tsoma ta a ruwan zafi, muna kallo balan-balan ya kumbura shi kaɗai. Na ce kai kana hurawa har ta yi tauri, sannan ka shiga rana tsaka da ita, ka yi ta dukan ta da ramuka, me kake tsammani robar za ta yi?

"Inna, zo ki ji, an kai ɗiyarki lakol an koya mata busa balan-balan. Shanu nawa aka sayar a kan wannan?"

"Ko nawa ne, ba su kai waɗanda ka sayar ka sayo abin da zai kashe ka ba."

Inna ta ce in rufe mata baki, ba a yi wa mai tafiya irin wannan fata. Ni kuwa ban iya rufe baki ba, tun ina ƙarama an sani. Na bi shi da magana safe da yamma, a kan tabarma, a bakin rijiya, har ya gaji. Ya ce in hau mu je wurin dattijon, in ya so a raba gardama.

Dattijon ya shafa bututun da yatsa, ya duba yatsan. Ya shiga bayan rumfa inda yake tara matattun babura, ya daɗe yana buge-buge, ya fito da sifirin biyu dogaye. Ya gwada, ya yanke, ya ƙara guntun bututu, ya zura su ciki ya ɗaure. Ya ce Yaya ya hau ya danna. Gaban ya nutse ya dawo, a hankali, kamar numfashi.

"Yanzu tana da ƙashi. Ko man ya zube duka, za ta yi ta girgiza ka amma ba za ta durƙusa ba. Sai dai ka sani, abin da ta ɗauka shi ta ɗauka. Ba a roƙonta."

Na ji daɗi ran nan har na yi waƙa a hanya, Yaya yana cewa in yi shiru kar in kori sauran ungulayen.

Kasuwar da ta biyo baya ya tafi da sifirin. Ya karɓi sautu kamar kullum, don bai san iyakar abin ba tukuna. A can ya yi lodi, gaban ya zauna tun bai kai rabin ƙulle-ƙullen ba. Ya rage, ya sake ragewa. Da ya rasa yadda zai zaɓa, sai ya bi yadda aka zo: waɗanda suka riga kawowa ya sayo musu, na ƙarshe ya dawo musu da kayansu. Ya iso gida da wuri, a zaune sosai, ana ganin fuskarsa. Shi ne karo na farko da na ga ya sauka daga babur bai dafa bango ba.

Wadda ta zo ƙarshe da safen nan Gwaggo ce, yayar Baba. Ƙafafunta sun kumbura, daga gidanta zuwa namu sai ta huta a hanya, shi ya sa kullum ita ce ƙarshe. Tana riƙon jikanta, wanda uwarsa ta bi mijinta kudu. Ta shigo da ƙwaryarta, ta zauna ta jira aka sallami kowa. Yaya ya je ya durƙusa ya ajiye mata tasar da ta ba shi da safe a gabanta, yadda ta kawo ta. Ya fara bayanin sifirin. Ta saurara har ya gama. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi sauƙi.

"Ɗana, nawa ne ya yi nauyi?"

Abin da ta ce ke nan. Inna ta ɗebo daga namu ta zuba mata, ta karɓa ta yi godiya ta tafi tana jan ƙafa. Kafin wata kasuwar ta zagayo, jikan ya rasu.

Yaron nan ya daɗe da tafiya. Gashinsa ya yi ja, cikinsa ya yi gaba, ko ruwa aka ba shi ba ya zama. Tiyar gari ba za ta tsayar da shi ba, kowa ya sani, kuma Gwaggo ba ta taɓa cewa laifin Yaya ne ba. Amma da aka dawo daga maƙabarta, bai ko wanke ƙafa ba ya jawo babur tsakar gida ya ɗauko sifana. Na tsaya a kansa.

"Me za ka yi?"

Ya kwance murfin sama, ya zaro sifirin na farko, mai yana ɗiga, ya jefar gindin rumbu.

"Yaya, ba kai ka kashe shi ba. Ko buhu ka kawo mata sai ya mutu."

Ban san Inna tana bayana ba sai da na ji mari. A gidan makoki ake, ta ce, kuma jininmu ne. Na dafe kunci na ci gaba, don mari bai taɓa sa na bar magana ba. Na ce ƙarfen nan shi kaɗai ne a garin nan ke iya cewa ya isa, shi ne kuma za ka cire?

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Ke ba ke kika ajiye mata tasar ba. Ni na ajiye. Ƙarfe ya ce ya isa, amma fuskata ta kalla."

Ya zaro na biyun. Ya ƙara baƙin mai, ya ɗaure, ya kama famfo. Ina tsaye ina kallon kafaɗunsa suna hawa suna sauka, duk ƙasusuwa, har Raƙumi ya miƙe. Na tsince sifirin ɗin na naɗe su a tsumma na tura ƙarƙashin gadon Inna. Ban san me zan yi da su ba. Na dai ƙi barin su a ƙasa.

Bayan wannan sautu ya ƙaru, don labari ya kai ƙauyukan kusa cewa an mayar wa Raƙumi iskarsa. Bazara ta kama sosai, irin zafin da in ka taɓa tanki sai ka janye hannu. Zoben man ya daina zama zobe, ya zama layi har ƙasa. Yaya ya ɗaure wurin da tsumma don kar in gani, kamar ni ce matsalar. Da bakinsa ya gaya mini yanzu sai ya tsaya a hanya ya ƙara iska, ba sau ɗaya ba. Na daina yi masa magana a kai. Ba haƙura na yi ba. Na ga dai in na yi magana abincinsa yake bari, ga shi abincin ba wani abinci ba.

Tsakaninmu da iyaka akwai busasshen gulbi, mai kaba da goriba a gefe. Hanyar babura tana gangarawa cikinsa ta haura. Ranar da abin ya faru, da la'asar, wani Bafillace ya shigo gari yana jan jaki, Yaya a kwance a kai ruf da ciki, ƙafafunsa suna lilo. Mutumin shanunsa sun ƙare, ya sauka da iyalinsa a bakin gulbin, jakin nan kaɗai ya rage masa. Shi ne mutum ɗaya tak da ya ga abin da idonsa, kuma shi ne wanda ba a taɓa tambaya ba. Ni na tambaye shi, a ƙofar gida, ana ta salati a ciki.

"Ba ya gudu, ɗiya. Ni da ƙafa ina kama shi. Ya sauko a hankali, ƙafafu biyu a ƙasa yana ja. Sai na ji fuuu, kamar an soke salka. Gaban ya durƙusa. Kayan gaba ya ja shi, na baya ya zo ya hau shi."

Na ce akwai wanda ya biyo shi?

"Babu kowa. Ni da shi da Allah."

Aka kai shi likita a Gazawa a kan amalanke, suka ce sai Maradi. A Maradi suka ce ƙashin baya ne. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, ko allura aka soka masa. Suka riƙe shi har ciwukan waje suka warke, sannan suka ce mu kai shi gida.

Abin da ban gani ba amma aka ba ni labari: tun muna hanyar Gazawa mutane suka ɗunguma gulbi. Matar Bafillacen ta zauna tana gadin kayan, ita da ba ta da abin sa wa a baki, ko ƙulli ɗaya bai ɓata ba. Kowa ya duba ƙyallensa ya ɗauki nasa. Buhun da ya fashe, mata suka zauna suka tankaɗe rairayin. Ban ga laifinsu ba, yunwa ce. Babur ɗin ne aka bari a wurin, sai Bafillacen ne ya turo mana shi, gabansa a ƙasa kamar mai sujada.

Laifin da na gani a wurin dubiya ne. Mun shimfiɗa wa Yaya tabarma a zaure don ya sha iska. Maza su shigo su ce sannu, Allah ya sawwaƙe, su fita su zauna a gindin bango, inda suke tsammani ba a ji. Wani dattijo maƙwabcinmu shi ya fi kowa baki.

"Yaran yanzu ba su da haƙuri. Lodi kamar na mota! Ina za ka kai dukiyar duniya?"

Na fito da tsintsiya a hannu.

"Malam, ƙullin nan mai jan ƙyalle, wanda aka ɗaura a saman fitila, na wane ne?"

Ya ce wace irin tambaya ce wannan.

"Tambaya ce kawai. Na ga ƙyallen a kan igiyar shanyar gidanka. Da ka kawo shi ka ce nawa ba nauyi, ina tsaye."

Aka ce ba ni da kunya, aka ce abin da lakol ke yi wa 'ya'ya mata ke nan. Suka tashi suka koma wata inuwar, maganar haɗama kuwa ba ta mutu ba, har yau ana yin ta. Na gane dalili. In ba haɗamarsa ba ce, to ƙullin kowa ne, kuma babu mai son ɗaukar wannan.

Na koma zaure ina huci. Yaya yana kallon rufi, ƙuda na yawo a kan ƙafarsa bai sani ba. Na kore shi.

"Madamozel."

"Na'am."

"Nawa ƙafafun ma sun sace. Ɗauko famfon nan ki gwada."

Ya yi dariya shi kaɗai, har ta koma tari. Ni ban yi ba. Na juya shi gefe ɗaya kamar yadda aka koya mana a likita, na shafa masa mai a inda tabarma ta fara ci.

Garin rogon da aka tsince mana daga gulbi bai daɗe ba. Inna ta koma tafasa anza, tana zubar da ruwan ɗacin tana sakewa. Sai ga ɗan Kawu, ɗan ƙanen Inna, magidanci ne da 'ya'yansa, ya iya babur amma ba shi da shi. Ya zo ya tsuguna gaban Yaya ya ce a ba shi Raƙumi ya riƙa zuwa, a raba abin da aka samu gida biyu. Ya ce ya duba, babu abin da ya karye sai fitila. Robar kuwa zai yanko daga tsohon tub na cikin taya ya naɗa, a hura, ta yi.

"Ai amfaninsa ke nan," in ji shi. "In ba don iskar ba, da me ya fi sauran?"

Tun bai fita ba na ga mata biyu sun leƙo zaure, ɗaya da ƙyalle a hannu. Labari ya riga ya fita.

Yaya ya ce a ba shi zuwa gobe. Da mutumin ya tafi, na shiga ɗaki na durƙusa na jawo tsumman daga ƙarƙashin gado. Na kawo na warware shi a gaban Yaya. Sun ɗan yi tsatsa a baki, ban da haka lafiyarsu lau.

Ya daɗe yana kallon su.

"Ashe kin ɓoye."

"In zai hau, da waɗannan zai hau. In ya ƙi, babur ɗin ya ruɓe a nan."

"Ba zai ɗauki na kowa da kowa ba."

"Na sani."

"To wa zai ajiye wa Gwaggo tasarta? Shi ma ba zai iya ba. Kin san shi, ya fi ni kunya."

Na ce ni.

Ya juyo da kai, iyakar abin da yake iya juyawa ke nan ba a taimaka masa ba. "Za su tsane ki."

"Sun riga sun fara. Gara ya zama da dalili."

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya rufe ido. Inna tana bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ji komai, ba ta mare ni ba.

Ga abin da na yanke. Da safe zan nemi amalanke in ɗora babur ɗin in kai wa dattijon Gazawa, ya mayar da sifirin, ya cire 'yan bakin hurawar nan ya toshe ramukan da ƙarfe, yadda ko an so ba za a iya ba. Famfon zan bar masa a rumfa. Ɗan Kawu ba zai karɓi sautu daga hannun kowa ba, ko uwarsa ce. Ni zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in karɓa, kuma ba wanda ya riga zuwa zan bi ba, don masu ƙarfin ƙafa ne ke riga zuwa. Zan fara da gidajen da na san ba a hura wuta ba, na Gwaggo a gaba, ko ba ta iso ba ni zan je in karɓo. In na ga abin ya kai iyakar da ƙarfen zai ɗauka, zan naɗe tabarmata. Duk wanda ya rage, ko da furfura har gira, zan mayar masa da tasarsa a hannu in ce babur ya cika, ya kalli fuskata yadda ya ga dama.